Shekarar da Amfaro Ta Koya wa Babanku Tafiya

Nafisa, Mustafa, da ke Aisha auta, na san maganar da kuka taso kuna ji daga bakin dangin babanku: wai ni na hana shi zuwa ganin mahaifiyarsa har ta rasu, kuma na cika masa ɗaki da Kiristoci alhali yana kwance ba ya iya cewa uffan. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, amma na sha ganin tambayar a idon Mustafa. Yanzu da girma ya kama ni, unguwarmu Karantina kuma an rushe ta ko katangar gidanmu ba a bari ba, gara ku ji daga bakina. A cikin maganar akwai gaskiya, kuma ba zan ɓoye muku ita ba.

Ni a Jidda aka haife ni, haka ma uwata. Kakana ne ya zo hajji a ƙasa, bai koma ba. Babanku Malam Usman kuwa daga Mai Wurno ta Sudan ya zo, kafinta ne a wata warsha, wato shagon aikin katako, a unguwar Khumra, yana yin ƙofofi da tagogi. Ni ina shara da goge-goge a wani asibitin kuɗi. Abin da ya kamata ku riƙe tun daga nan shi ne wannan: iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, tana hannun kamfanin shara, amma taku ku uku a jikin ta babanku take rataye. In tasa ta mutu, taku ta mutu. A lokacin Nafisa na shekarar ƙarshe a sakandare, Aisha kuwa ba a daɗe da yaye ta ba, kuma babu wanda ya taɓa taka ƙasar Sudan a cikinku.

A asibitin nan aka kai ni sashen gashi da motsa gaɓoɓi, inda ake koya wa waɗanda suka karye ko jikinsu ya shanye yadda za su sake amfani da shi. Ranar farko na ga wata mata baƙa, doguwa, mai wushirya, sanye da farar riga tana lanƙwasa gwiwar wata tsohuwa. Ban yi wata-wata ba na ce mata sannu da aiki, na tambaye ta 'yar wace unguwa ce. Ta dube ni ta yi dariya, ta amsa da wani gurgun Larabci cewa ba ta jin yarena, ita daga Kolombiya take. Sunanta Amparo, bakinmu ya mai da shi Amfaro. Ban san akwai baƙaƙe a can ba. Ta ce a garinsu na bakin teku kusan kowa kamar ni yake, kakanninsu daga Afirka aka kwashe su a jirgin ruwa, ba wanda ya san daga wane gari. Daga ranar, duk lokacin da ta gan ni da tsintsiya sai ta ce mini "sannu", kalmar Hausa ta farko da ta riƙe.

Mu a Karantina duk mutanen Latin Amurka 'yan Barazil muke ce musu, saboda ƙwallo. Daga wajen Amfaro na san ƙasashe ne da yawa, yawancinsu Sifaniyanci suke yi, 'yan Barazil ɗin ma yarensu daban. Ta ba ni labarin yadda suka fara zuwa Jidda kamar yadda ta ji daga manyansu. Masu koyar da ƙwallo ne suka fi fitowa fili, amma a bayansu akwai injiniyoyi da suka yi aiki a tashar jiragen ruwa da wajen tace ruwan teku, akwai masu gyaran jirgin sama, akwai masu kula da dawakin sukuwa, daga baya kuma ma'aikatan jinya suka yi ta zuwa. Ba su da unguwa tasu kamar mu. Kowa yana gidan da kamfaninsa ya ajiye shi, kwangila ta ƙare ya tattara ya tafi, wani ya maye gurbinsa. Abin da ya haɗa su shi ne gidan wani dattijo ɗan ƙasar Peru mai suna Ramiro, wanda ya fi su daɗewa, yana ƙera ƙafar roba da takalman ƙarfe ga guragu a asibitinmu. Shi ke zuwa taryen baƙo a filin jirgi, shi ke nuna masa abin da ake yi da wanda ba a yi a ƙasar nan, in wani ya mutu shi ke bin takardu har a mai da gawa gida. Ranar Juma'a matarsa takan dafa wake da shinkafa a babbar tukunya, duk wanda kewar gida ta dama ya zo ya ci.

Abinci ne ma ya ƙulla mu da Amfaro. Wata rana ta ga na buɗe kwanon dafaffen rogo da ƙuli, ta tsaya cak, idonta ya kawo ruwa. Ta ce shekara biyu rabonta da rogo. Juma'ar da ta biyo na kai ta kasuwar Karantina, ta sa abaya, ba wanda ya ɗaga ido ya dube ta, masu talla suna ta yi mata Hausa tana gyaɗa kai. Ta sayi rogo da agada da manja har sai da muka ɗauki buhu biyu. Ta shiga gidanmu ta sha ruwa, ta ɗauki Aisha, babanku ya gaishe ta daga bakin ƙofa ya wuce masallaci. Iyakar sanin da ya yi mata ke nan kafin abin ya faru.

Da hantsi ne ya faɗi a warsha, yana tsaka da auna katako. Hawan jini ne da ba mu san yana da shi ba. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta koma gurnani. Bayan mako biyu a asibiti suka ce sun yi iyakar nasu, aka kawo mini shi a kan katifa a bayan motar warsha. Mutumin da ke ɗaukar ƙofa guda a kafaɗa, sai ni da Nafisa ke juya shi.

Kwana uku da dawowarsa yayansa, Baffanku Haruna, ya zo daga Makka inda yake sayar da darduma. Ya daɗe zaune a gefen ƙaninsa yana riƙe da hannunsa, ya yi kuka na gaske, wannan ba zan hana shi ba. Da ya fito tsakar gida ya kira ni. Ya ce ya riga ya yi magana da mutanen gida, an yanke shawara a mai da Usman Mai Wurno, inda akwai uwarsa da malamai da dangin da za su yi jinyarsa. Ya ce mutumin da ba ya iya aiki ba shi da wurin zama a ƙasar nan, kafili, wato ubangidan da iƙamarsa ke hannunsa, ba zai sabunta iƙamar gurgu ba, gara a fita da mutunci kafin a kore mu. Na tambaye shi yaran fa. Ya ce yara ai na ubansu ne, inda ya tafi nan za su.

Na durƙusa kamar yadda na saba a gabansa, na ce:

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan ba da shi ba tukuna."

Ya ce bai ji ba. Na maimaita. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin matar ƙani ta mai da maganar dangi ba, ya tambaye ni da me zan tashe shi, da tsintsiya? Ni ma ban sani ba. Ƙofar ɗakin a buɗe take, babanku yana jin komai.

Washegari na yi abin da mace ba ta yi a lokacin, na hau mota har Khumra na nemi kafilinsa, wani dattijo Bahijaze mai yawan shiru. Ya ce saura wata bakwai iƙamar ta ƙare. Ba zai kore shi kafin nan ba, don shekara goma sha yana yi masa aiki bai taɓa samun shi da ha'inci ba. Amma ba zai ba shi izinin fita da dawowa yana wannan hali ba. In ya fita, ya fita ke nan. In kuwa kafin wata bakwai ya shigo warsha da ƙafarsa, ya iya riƙe wani aiki ko mai sauƙi ne, zai sabunta. Ya ce halas, wato ya gama, maganarsa ke nan.

Ban roƙi Amfaro ba. Ta same ni ina goge ƙasa ina hawaye, ta tambaya, na faɗa. Ta yi mini tambayoyi: yaushe ya faɗi, yana haɗiye abinci, yana jin tsunguli a ƙafar. Sai ta ce za ta zo Juma'a. Daga baya na san dokar kwangilarta ta hana ta taɓa marar lafiya a wajen asibiti, in aka kai ƙara a jirgi za a sa ta. Don haka ta ce ko ruwan sha aka ba ta da sunan lada ba za ta karɓa ba, ziyara take zuwa gidan ƙawarta.

Ramiro ne ya kawo ta a motarsa, da matarsa. Suka jira a bakin layi har aka sauko daga masallaci. Ga abin da nake so ku sani, ku da aka ce muku an yi wa babanku dole: da Amfaro ta shiga, ya juya fuska bango don kunya. Ta fita. Ramiro ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya sa hannunsa cikin na daman babanku, ya yi masa bayani da Larabcinsa mai kyau. Ya ce shi zai riƙa ɗaga shi da juya shi, matar nan ita ce ta san aikin, za ta riƙa nuna wa iyalinsa da baki, ba za ta taɓa shi ba sai inda ya zama dole kuma ta bayan zane. Ya ce in ya yarda ya matse hannunsa, in bai yarda ba za su sha shayi su tafi, ba komai. Mun daɗe muna jira. Ina tsaye ina kallon yatsun babanku lokacin da suka rufe a kan hannun Ramiro.

Ranar Amfaro ta kama hannayena ta ɗora a kafaɗarsa, ta nuna mini yadda ake miƙar da hannu ba tare da an fizge gaɓar ba, yadda ake tanƙwara gwiwa, yadda ake jera matasai. Da za ta tafi ta ce mini:

"Ni rana ɗaya gare ni a mako. Sauran shidan naki ne. In ya tashi, ke kika tashe shi."

Haka muka shiga. Kafin in tafi aiki in yi masa, in na dawo in yi masa. Juma'ar da Amfaro ke kan aiki sai ta aiko wata cikin 'yan'uwanta, yau 'yar Peru, gobe 'yar Benezuwela, duk daga teburin gidan Ramiro aka tsara su. Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce na kawo masu wa'azin Kirista, wasu suka ce ba a san abin da suke shafa masa ba. Man zaitun ne daga baƙala, kantin bakin layi. Matan da muke adashi da su biyu suka daina shigowa. Amma ban taɓa jin ɗaya daga cikin su Amfaro ya ambaci addininsa a gidana ba, kuma da an kira la'asar za su janye tsakar gida, Ramiro ya gyara masa zama ya fuskanci alƙibla kafin ya fita.

A wata na uku ya fara zama da kansa. Amfaro ta ce ana bukatar sanduna biyu a jere a tsakar gida, ya riƙa dafawa yana koyon tsayuwa. Ramiro ya zo da katako da zarto, aka fito da babanku kan kujera yana kallo. Ramiro ya auna, ya ja layi a karkace, ya ɗora zarto zai yanka. Na ga babanku yana motsi a kujera, fuskarsa ta ɗaure. Ramiro ya fara yanka. Sai muka ji murya, a kakkarye amma kowa ya gane:

"Ba haka ba."

Kalmomin farko ke nan da ya furta sarai tun faɗuwarsa. Ramiro ya kawo masa katakon da fensir, ya riƙe masa ma'auni, babanku ya ja layin da hannun dama, miƙaƙƙe kamar zare. Mutumin da ya shekara ashirin yana ƙera ƙafar da za ta dace da jikin ɗan Adam ba zai kasa jan layi ba. Na tambaye shi daga baya ko da gangan ya yi, ya ce shi dai ba kafinta ba ne.

Yanzu ga wurin da ke da nauyi. A wata na huɗu wani matafiyi ya kawo kaset daga Mai Wurno. Muryar Inna ce, kakarku. Ta ce jikinta ya yi rauni, ta ji abin da ya sami Usman, a kawo mata ɗanta ko a kan gado ne ta shafa kansa. Ta kira sunana, ta ce Zulai, ki ji tsoron Allah. An ce na ɓoye kaset ɗin. Ban ɓoye ba. Na sa masa ya ji har ƙarshe, ya sa na maimaita. Hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. A lokacin yana taku huɗu tsakanin sanduna. Na ce masa saura wata uku, Malam, in aka sabunta iƙama ni da kaina zan nemo maka izini ka je ka dawo. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni na ɗauki shirunsa a matsayin yarda, domin ita nake so. Wannan shi ne gaskiyar da ke cikin maganar danginku, kuma na ɗauke ta.

Inna ba ta kai wata ukun ba. Baffanku ya zo da kansa ya kawo labarin, ya shiga ya faɗa wa ƙaninsa, da ya fito na miƙa masa ruwa bai karɓa ba. Ya ce, a hankali ba da faɗa ba, na samu abin da nake so. Daga ranar har ya bar duniya bai ƙara cin abincin hannuna ba. Ku yana shi muku albarka, yana yi muku kayan salla, ni kuwa gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye.

Babanku ya kwanta. Mako biyu ba ya yarda in taɓa hannunsa, sandunan suna tsakar gida Nafisa na shanya a kansu. Da Amfaro ta zo na ce ta koma, ba amfani. Ta ce in bar ta. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin daga waje, ba ta ko buɗe jakarta ba, ta yi ta magana da Larabcinta kamar da bango take yi. Ta ce mahaifinta ya rasu a shekararta ta farko a Jidda, masunci ne, ta samu labari bayan an binne shi, tana tsaka da aiki, kuma ta gama aikin ranar don mai jinyar da ke hannunta bai san komai ba. Ta ce a teburin Ramiro kusan kowa yana da irin wannan, wanda bai ga gawar uwa ba, wanda 'yarsa ta yi aure yana kallo a hoto. Ta ce ba ta zo ta ce masa ya daina baƙin ciki ba, ita ma ba ta daina ba. Ta tashi ta tafi. Da la'asar ta yi na ji yana kiran sunana, ya ce in kwashe shanyar.

Saura kwana goma sha iƙama ta ƙare muka je Khumra. Ramiro ya ƙera masa takalmin da ke riƙe idon sawu, da wani maɗauri na fata da ƙarfe da ke sa hannun hagu ya danne katako ko da yatsun ba sa kamawa. A bakin warsha babanku ya ce mu sake shi. Ya shiga da sandarsa, yana jan ƙafa, ma'aikata suka ajiye kayan aiki suna kallo. Ya je teburinsa ya auna ƙofa ya ja layi. Kafilin ya aika a kawo shayi. Ya mai da shi kan awo da duba aikin sauran, kuma a nan ya yi shekara goma sha ɗaya. A cikinsu Nafisa ta gama karatu, Mustafa ya samu aikin da ya kawo mu gidan nan na unguwar Safa.

Sandunan nan ba su huta ba. Matan da suka daina shigowa, ɗayarsu ce ta fara kawo mijinta da ya karye a ƙugu. Daga nan duk Juma'a tsakar gidanmu sai ta cika, Amfaro da 'yan'uwanta suna dubawa, Ramiro yana gyara sanduna da takalma daga ragowar kayan da ya saya da kuɗinsa. Da kwangilar Amfaro ta ƙare ta koma ƙasarsu, Ramiro ma ya tsufa ya tafi, aikin ya rage a hannuna. Shi ya sa kuka taso kuna ganin ana zuwa kirana in an sallamo wani daga asibiti. Mun yi waya da ita 'yan shekaru, daga baya lambar ta daina shiga. Yau ina ganin hotunan 'yan ƙwallonsu a manyan alluna a kan titi, jikokina suna sa rigunansu. Waɗanda na sani ba su da allo. Amma a Karantina akwai mutane da dama da suka je masallaci da ƙafarsu saboda su, kuma tunda an watsa unguwar, ban san wanda zai faɗa ba in ban faɗa ba.

Sai bayan shekara biyu babanku ya samu zuwa Mai Wurno. Ya yi wata guda. Ranar da ya dawo, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, na kawo masa abinci na zauna. Ya ce ya je kabarin Inna da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi. Na ce ya yafe mini. Tun rasuwarta nake son faɗa ban samu baki ba. Ya ajiye cokali ya ce:

"Zulai, ranar da kika ce wa Yaya a'a, da ina da baki da na ce masa e. Da mun tafi, da na ga Inna, da kuma a kan katifar nan zan ƙare. Na yi shekara biyu ina auna abin nan, ban san wanda ya fi ba. Amma ke kaɗai aka bari ki zaɓa, kuma ba zan bar ki ki ɗauka ke kaɗai ba. Rabin nawa ne."

Bai ƙara tada maganar ba har ya rasu, ni ma ban ƙara ba sai yau. In kun yi wa Inna addu'a, ku yi wa Baffanku, don ƙaninsa yake so. Ni kuwa ku yi mini hukunci yadda kuka ga dama, amma ku yi shi bayan kun ji duka.